Mawaƙi ya samu kuɗi, sai a ce ya sayar da kansa?

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in tanka wa masu zargin mawaƙa masu zaman kansu. Da zarar waƙar mutum ta fara kawo kuɗi, sai masoyansa na farko su murtuke fuska, wai ya sayar da kansa.

Sana'ata haɗa sauti a situdiyo, na san abin da waƙa ɗaya ke ci kafin ta fito. Tun 2024 dandalin sauraron waƙoƙi na Spotify ba ya biyan ko sisi kan waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin wata 12 ba. To wanda ya tsallake wannan, har ya iya sallamar makaɗansa a kan lokaci, me ya yi na laifi? Masu surutun ma, da yawansu a kyauta suke sauraro.

Ni abin da nake dubawa shi ne wa ke riƙe da haƙƙin mallakar waƙar, wa kuma ke da ta cewa kan baitocinta. Chance the Rapper na Amurka ya ci kyautar Grammy uku a 2017 ba tare da ya shiga hannun kamfanin waƙa ba. Shi da kansa ya bayyana cewa Apple ya ba shi dala 500,000 don wani kundin waƙoƙinsa ya fara yin mako biyu a dandalin Apple Music kaɗai. An yi ta cece-kuce, amma ni ciniki na ɗauke shi, tunda mako biyun kawai ya sayar.

Inda zan goyi bayan masu zargi shi ne ranar da mai talla ya ce a cire baiti kaza don kada ya ɓata masa kasuwa, mawaƙin kuma ya cire.

Naka,
Wani mai haɗa sauti