Auta, ki fitar da yaran nan waje

Assalamu alaikum Auta, ya aiki, ya ƴan ajin naki? Na saurari saƙonki har sau biyu, wai kin rubuta musu a allo cewa iri na bazuwa ta iska da ruwa da dabbobi, sun bi bakinki kamar aku, washegari ko mutum ɗaya bai tuna ba. To ai dama, ɗan shekara 5 abin da ya taɓa da hannunsa shi yake riƙewa.

Ki fara da tambaya kawai, ki nuna musu ciyawar da ta tsiro a tsagar bango kice wa ya shuka ta a nan? Ki barsu su yi ta shirme, kar ki yi saurin gyara musu. Daga baya sai ki kawo dalilin, cewa iri in ya faɗi gindin uwarsa inuwa ta rufe shi, ruwan ma uwar ta shanye, dole ya nemi mai kai shi nesa tunda ba ƙafa gare shi ba.

Wanda nafi so ki gwada shine na safa. Ki samo tsofaffin safa kowa ya ɗora a kan takalminsa, ku taka cikin busasshiyar ciyawa na ɗan lokaci, in kun dawo a cire a baza kan farar takarda, zaki ga ƙarangiya da kashin yawo da wasu ƙanana da ke kanki baki san sunansu ba duk sun maƙale, sai ki sa safa ɗaya a tsohon roba ki rufe da ƙasa kaɗan su riƙa ba ta ruwa kullum. Ranar da abu ya tsiro daga safa wallahi sai kin toshe kunne don ihu. A nan ne zaki basu labarin George de Mestral, injiniyan Suwizalan da ya fita da karensa a 1941, irin wata ciyawa ya manne a gashin karen, ya duba da madubin ƙara girma yaga ƴan ƙugiyoyi ne, daga nan ya ƙirƙiro Velcro, abin nan mai ƙarar ɓarrr da ke takalman rabin ajin naki.

Na iska ba wuya, audugar rimi ko ta tunfafiya, a ɗora a tafin hannu a hura a ga na wa zai fi nisa. Amma tunfafiya ke zaki ɗebo da kanki, busasshiya, farin ruwanta yana illa a ido. Zurma kuma da ke fashewa ta watsa ƴaƴanta in ta bushe, a hoto kawai zaki nuna, guba ce.

Na ruwa kwakwa mai ɓawonta a baho ta isa, su ga tana yawo a sama.

Maganar tsuntsu kuwa kar ki ji kunyarta, ki faɗa musu ƙarara ya ci ɗan itace ya je can ya yi kashin irin, zasu yi ta dariya, ke ma haka kika yi lokacin da na nuna miki kauci a saman reshe na ce tsuntsu ne ya kai irinsa can kika ce wai ƙarya nake.

Ki ƙirga su kafin ku fita da bayan kun dawo, kuma kowa ya wanke hannu. Ki turo min hoton safar in ta tsiro.

Ummanki