Wasiƙa daga Tawa: yarinyar da na zaunar a bayan aji

Tawa, farkon hunturu

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran ƴan gida da ke Abijan. Ya kasuwa, ya haƙuri da baƙunta? Mu nan sai godiya. An gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, hazo ya fara sauka, samari kuma sun soma ɗaure kaya, ba da jimawa ba za ka ga wasu a ƙofarka. Ranar Juma'a na je gaida Inna, ƙafar ta yi sauƙi, ta ce in shaida maka saƙo ya iso, Allah ya yi albarka.

Ka san ni ba mai yawan rubutu ba ne, amma abin da ke raina ya fi ƙarfin saƙon murya.

A watan Oktoba, makon da ake Ranar Gani ta Duniya, wadda ke faɗowa Alhamis ta biyu ga watan, wasu bayin Allah suka zo lakwal ɗinmu duba idon yara kyauta. Malamin asibiti ɗaya ne mai aikin ido, sai matasa ƴan sa-kai. Na zaci zan ga na'urori. Ashe duk kayan aikin bai cika jaka guda ba: kwali mai harafin E manya da ƙanana, igiya mai tsawon mita 6, tocila, da ɗan akwatin gilasai na gwaji. Aka rataye kwalin a jikin bishiyar dogon yaro, aka ja layi a ƙasa. Yaro ya tsaya, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, ya nuna da yatsu inda ƙafafun harafin suka fuskanta. Ko ɗan CI, wato aji ɗaya, da bai san baƙi ba yana iyawa.

A ajina na CM1, wato aji biyar na firamare, akwai wata yarinya, doguwa ce, shi ya sa tun ranar komawa na zaunar da ita a bencin ƙarshe. Kullum kanta na cikin littafin ta kusa da ita. Na yi mata faɗa kan satar amsa ba sau ɗaya ba, na ce ba ta da himma, har na aika a kira mahaifiyarta. Da layi ya zo kanta, daga jeri na biyu ta tsaya cik, hannunta a sama, ba ta san ina za ta nuna ba. Malamin ya shigo da ita aji, ya ɗora mata gilashin gwaji, ya canza, ya sake canzawa. Ta ɗaga kai ta dubi allo, ta yi shiru, sannan ta ce: "Mushe, ashe kullum kana rubuta kwanan wata a can sama?"

Wallahi aminina, na rasa inda zan sa kaina. Yarinyar nan ba satar amsa take ba, darasin take kwafa daga hannun ƙawarta don ba ta ganin allo. Da na tambayi malamin me ya hana ta faɗa, ya ce yaron da ya tashi da gani dishi-dishi yana ɗauka haka kowa ke gani, to me zai kawo ƙara a kai? Ya yi mini bayani cewa ƙwayar idonta ce ta ɗan fi tsawo, sai hoton abin da ke nesa ya haɗu tun bai kai bangon bayan ido ba. Ba sammu ba ne, ba iska ba ce, tabarau daidai awonta shi ne maganin. A daren nan ban yi barcin kirki ba. Na tuna yaron nan na unguwarku da muka yi CE2, wato aji huɗu, tare, wanda ake kira jaki, yana matse ido in an ce ya karanta allo, har ya gaji da bulala ya bar makaranta. Ka tuna shi? Na roƙi yarinyar gafara a gaban aji, na dawo da ita bencin farko.

Bayan awo suka tara yara da iyayen da suka samu zuwa, aka yi magana kan amodari. Ni da kai mun taso muna ganin tsofaffi mata da matsefata rataye a wuya suna tsige gashin ido, ba mu san mafarin abin ba. Ashe tun ƙuruciya yake farawa. Ƙuda ya sauka kan kwantsar wannan yaro ya tashi ya sauka a idon wancan, ko uwa ta share fuskar ƴaƴa uku da gefen zane ɗaya. In ciwon ya yi ta dawowa shekara da shekaru, fatar ido ta yi tabo daga ciki, ta lanƙwashe, gashin ya riƙa gogar ƙwayar ido har ta dushe. Akwai maganin sha da ake rabawa gari-gari, akwai ƙaramin aiki da ake wa fatar idon, amma abin da ke hannun kowa shi ne wanke fuskar yaro da ruwa da sabulu, da gina masai, da nisanta juji daga gida. Sun kuma ja kunne sosai kan abin da muke ɗigawa in apolo ya shigo gari: ruwan albasa, ruwan sukari, nonon uwa, har fitsari. Wata tsohuwa ta ce ai haka aka gada, malamin ya amsa mata cikin ladabi cewa ya ga idon da apolo zai bari ya warke da kansa, abin da aka zuba ne ya kashe shi.

Sun taɓo dundumi ma, yaron da ke laluben hanya da zarar magariba ta yi. Ƙarancin bitamin A ne, kuma in ƙyanda ta haɗu da shi tana iya tafiya da idon baki ɗaya. Shi ya sa ake ɗiga wa yara ƴan wata 6 zuwa shekara 5 ƙwayar nan duk bayan wata shida. Ganyen zogale, karas, mangwaro, hanta da ƙwai duk suna da shi, kuma ba daga waje ake kawo su ba. Na ji daɗi da malamin ya tuna mana cewa a Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ce ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da makantar da ƙudan bakin kogi ke kawowa. Yaran suka yi tafi kamar an ci ƙwallo.

To ga inda gizo ke saƙar. Awo kyauta ne, tabarau kuwa sai an saya. A ajina yara huɗu aka ba takardar zuwa asibiti, har yau ɗaya ce kaɗai ta je. Sauran iyayen ba ƙi suka yi don mugunta ba. Wanda ke lissafin tiyar hatsin gobe, ina ya ga kuɗin gilashi? Ga kuma camfi. Mahaifin yarinyar nan ya ce mini tabarau na tsofaffi ne da ƴan gayu, wai yana cinye ido, wai wa zai auri mai ido huɗu. Sau uku ina zuwa zaurensa, sai da na tafi da limamin unguwa ya sa baki sannan ya yarda. A ganina, a auna yaro a ce masa ba ya gani sannan a sallame shi da takarda, rabin aiki ne. Kuma duk wannan ƴan lakwal ne kawai. Almajirai da ƴan matan da ke talla a tasha ba wanda ya tsayar da su gaban kwalin nan, abin yana damuna ƙwarai.

Abin da nake roƙo gare ka shi ne, in kun zauna taron ƴan Adar na wata, ka karanta musu wannan wasiƙa. Kun sha haɗa kuɗin rijiya da na rufin masallaci, ku duba ko za a ware wani abu don gilashin yaran nan. Kada a sayo tabarau na kasuwa a aiko, kowane yaro da awonsa, wanda bai dace ba ciwon kai zai ƙara masa. Kuɗin za su shiga hannun kwamitin iyayen yara, ni kuma zan aiko muku da rasit da lissafin duk yaron da aka yi wa. Mu malamai mun riga mun kwafi kwalin, mun yanke igiyarmu, mun yi alkawarin auna kowane aji duk farkon shekara.

Kai ma ka gwada naka. Ka sa babban ɗanka ya rufe ido ɗaya ya karanta maka rubutun shagon da ke tsallaken titi, sannan ya rufe ɗayan. Na tuna ka ce yana manne wa talabijin.

Ka gaida maiɗakinka da yara, da duk ƴan gida. Ina jiran amsarka kafin hutun Disamba, don in san abin da zan faɗa wa iyayen sauran ukun.

Wassalam,
Naka, amininka na Tawa