Asusun gari ya ɗauki nauyin katin zaɓe kafin ɗan siyasa ya ɗauka

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in yi magana da shugabannin ƙungiyoyin ci gaban gari da gidauniyoyin al'umma na jihar Gombe, musamman 'yan'uwana masu riƙe da asusu. Ni ma ma'ajin ƙungiyar garinmu ne a ƙaramar hukumar Dukku, na san abin da ke shiga littafi da abin da ke fita. Muna gyara rijiyar burtsatse, muna biya wa marayu kuɗin jarrabawa, muna raba hatsi da azumi, muna sayen likkafani. Duk alheri ne, Allah Ya karɓa. Amma da wuya ka buɗe littafin wata ƙungiya ka ga an ware ko naira ɗaya saboda katin zaɓe. Wannan mun bar wa 'yan siyasa, kuma abin yana damuna ƙwarai.

A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairun 2023, mutum fiye da miliyan 93 ne ke cikin rajistar INEC, amma waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba su wuce kashi 27 cikin ɗari ba. Tun 1999 ba a taɓa samun ƙarancin fitowa irin wannan ba. Ana cewa mutane sun gaji da alkawarin ƙarya, kuma haka ne. Sai dai a ƙauye akwai wani dalilin da ba a cika faɗa ba: kuɗin mota.

Ga yarinya an auro ta daga Nafada zuwa garinmu. Katinta yana nan, amma rumfarta tana ƙofar gidan mahaifinta, kuma ranar zaɓe an hana motoci zirga-zirga. Kafin ta yi zaɓe a inda take aure sai an sauya mata rumfa, wato ko ta samu mai waya da data ya cika mata ta intanet, ko ta je ofishin zaɓe a hedikwatar ƙaramar hukuma. Za ta nemi izinin maigida, ta ajiye tuyar awararta ta yini guda, ta goya yaro ta hau acaɓa zuwa bakin titi, sannan ta jira mota. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma. In kati ya fito kuma sai ta sake komawa karɓa. Haka saurayin da ya cika shekara 18, haka tsohon da katinsa ya ɓata.

Ana cikin haka sai ga bas ɗauke da hoton ɗan takara. Ya kai su, ya saya musu abinci, yaronsa ya rubuta sunaye da lambobin kati a takarda. Daga ranar matar nan tana jin an ɗaure ta, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba na zarginta. Mu da muke da asusu muka bar ta, mu ne abin zargi.

A Amurka akwai gidauniyoyin al'umma tun 1914, lokacin da aka kafa ta farko a birnin Cleveland na jihar Ohio. Mutanen gari ke tara gudummawa, a juya kuɗin, a riƙa yi wa garin aiki da ribar. Dokarsu ta hana irin waɗannan gidauniyoyi goyon bayan ɗan takara, amma ta ba su damar taimaka wa jama'a su yi rajista su kuma fita zaɓe. Mu da muka gaji gayya da wakafi, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Da na kawo shawarar asusunmu ya ɗauki nauyin kai mutane rajista da karɓar kati a taronmu, wani dattijo ya ce, "Malam, siyasa za ka shigo mana da ita, za ta raba mu." Na ce, "Baba, ta riga ta shigo, mu dai ba mu da hannu a yadda ta shigo." Tsoronsa yana da tushe, shi ya sa muka sa sharuɗɗa. Motar da asusu ya ɗauka ba a manna mata hoton kowa, ba a shiga da hular jam'iyya, ba wanda zai riƙe katin wani, kuma ba ma karɓar gudummawar ɗan takara a wannan aiki ko da ɗan gari ne. Ranar kasuwa muke ɗaukar mutane, mata da motarsu daban, kuma a taron wata ana karanta abin da aka kashe kowa ya ji.

Aikin bai ƙare da ranar zaɓe ba. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma ce kantomomin riƙo ba sa kan doka. Gombe tana da ƙananan hukumomi 11 da mazaɓu 114, kuma kansila maƙwabcinmu ne, tare muke sallah. Me zai hana ƙungiyar gari ta ɗauki hayar kujeru da lasifika duk bayan wata uku, ta gayyato shi filin firamare, a tambaye shi cikin mutunci ina aka kwana kan maganin asibitin sha-ka-tafi da kwalbatin da ruwa ya cinye?

Roƙona ga 'ya'yan garuruwanmu da ke Abuja da Kano da Legas, masu turo gudummawa duk wata: in ma'ajinku ya turo muku lissafin bana, ku tambaye shi nawa aka ware wa rajista da karɓar kati, kuma ku nemi a sa maganar a ajandar taro mai zuwa.

Wassalam.

Ma'ajin wata ƙungiyar ci gaban gari,
Ƙaramar hukumar Dukku, jihar Gombe.