Wasiƙa zuwa ga abokan cinikinmu game da dakatar da sayar da 'ya'yan kifi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ya ku abokan hulɗarmu masu daraja, iyayenmu da ƙannenmu masu kiwon tarwaɗa da karfasa, muna yi muku fatan alheri, muna kuma ba ku haƙuri kan makonni uku da muka yi ba mu sayar wa kowa ko ɗan kifi ɗaya ba. Da yawa daga cikinku sun zo da jarkoki sun koma hannu rabbana, wasu kuma sun riga sun biya kuɗi, don haka haƙƙinku ne ku ji gaskiyar abin da ya faru daga bakinmu.

A tsakiyar zafin bazara muka lura 'ya'yan tarwaɗa a tankuna biyu sun rage cin abinci, suna tsayawa a saman ruwa, sannan jajayen gyambuna suka fara fitowa a jikinsu, cikin wasu ya kumbura, gashin bakinsu ya soma lalacewa. Muka kira likitan dabbobi ya ɗebi samfur, gwaji ya nuna ƙwayar bakteriyar nan ce da ake kira Aeromonas hydrophila. Wannan ƙwaya ba baƙuwa ba ce, domin kullum tana zaune cikin ruwan kududdufi da na tanki, kuma ba ta samun galaba sai kifi ya galabaita. Laifin namu ne: mun cika tankunan fiye da kima, ruwa ya yi zafi, iskar da kifi ke shaƙa ta ragu, ragowar abinci ya ruɓe a ƙasa. Mun binne kifin tankunan biyu gaba ɗaya, domin ba za mu karɓi kuɗin bawan Allah mu ba shi cuta ya kai gonarsa ba.

A cikin waɗannan kwanaki wasu daga cikinku, saboda ƙauna, sun ba mu shawarar mu zuba gishiri da yawa, suna cewa ai kifin teku ba ya ciwo tun da cikin gishiri yake rayuwa. Wannan magana ta yaɗu ƙwarai a tsakanin masu kiwo, kuma ita ce ta fi sa mu rubuta wannan wasiƙa. Gishiri daidai gwargwado yana sauƙaƙa wa kifin ruwan daɗi wahala, yana kuma rage wasu cututtukan fata, amma ba ya kai wa ga ƙwayar da ta riga ta shiga jini. Kifin teku kuwa yana da nasa cututtukan, kuma wasu daga cikin ƙwayoyin da ke kama shi gishirin suke so. Dangin Vibrio, musamman Vibrio anguillarum wadda aka fara ganewa a jikin wani kifi mai kama da maciji a Turai, suna haddasa jajayen tabo da zubar jini a cikin jiki, alamomin da suka yi kama da abin da muka gani a tankunanmu. A shekarar 2001, cikin tsananin zafin watan Agusta da Satumba, kifin teku fiye da tan 2,500 ya mutu a gaɓar Kuwait, mafi yawansa wanda ba kiwonsa ake yi ba, kuma bincike ya gano Streptococcus agalactiae a jikinsa. Ita wannan ƙwaya ce kuma take kama karfasa a gonaki, ta sa kifi ya riƙa juyawa a ruwa, idanunsa su firfito. Idan faɗin teku bai hana cuta ba lokacin da ruwa ya yi zafi ya gurɓata, to tankin siminti ba zai hana ba.

Shawara ta biyu da muka samu ita ce mu sayo kafso daga kemis mu farfasa cikin ruwa. Wannan ma mun ƙi, kuma muna roƙon ku don Allah ku daina. Maganin da aka zuba ba tare da gwaji ba yakan kashe ƙwayoyi masu rauni ya bar masu ƙarfi, sai a wayi gari maganin ya daina aiki a kan kifi, ragowarsa kuma ya bi nama ya shiga cikin yaran da muke ciyarwa. Ƙasar Norway ta taɓa bin wannan hanya. A shekarar 1987 masu kiwon kifin salmon a can sun yi amfani da kusan tan 50 na maganin kashe bakteriya saboda cututtukan Vibrio, daga baya kuma wata ƙwayar mai suna Aeromonas salmonicida ta addabe su. Abin da ya fitar da su shi ne allurar rigakafi da ake yi wa kowane ɗan kifi kafin a kai shi teku, tare da tsaftar gona da hutar da wurin kiwo bayan kowace kwasa. Yau suna samar da fiye da tan miliyan 1 a shekara, amma maganin da suke amfani da shi ɗan kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da na wancan lokaci. Allura ba ta hannunmu, amma tsafta da rage cunkoso suna hannun kowane mai kiwo.

Mun wanke tankuna duka mun shanya su a rana, mun ware wa kowane tanki ragarsa da bokitinsa, kuma duk iyayen kifin da muka sayo daga waje za su zauna a keɓe na mako biyu kafin su haɗu da namu. Ku ma idan kun karɓi 'ya'yan kifi, daga wurinmu ko daga wani wuri, kada ku haɗa su da tsofaffi nan take, kada ku ba su abinci a ranar farko, kuma ku tsame duk wanda ya mutu ku binne shi nesa da ruwa. Idan kun ga gyambo ko kumburi, ku rage abinci, ku canza ruwa, ku nemi likitan dabbobi kafin ku sayi kowane magani.

Za mu ci gaba da sayarwa da zarar gwaji na biyu ya tabbatar mana da lafiyar sabon ƙyanƙyasa, in Allah ya yarda. Waɗanda suka riga suka biya su ne za su fara karɓa, a kan tsohon farashi, wanda kuma yake son kuɗinsa ya zo da rasit ya karɓa cikakku a ofishinmu kowace rana ban da Juma'a.

Wassalam,
Masu kula da gonar ƙyanƙyasar kifi