Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya kai mu Senegal bayan tsuntsaye sun tashi

Ranka ya daɗe shugaban kamfani, assalamu alaikum.

Ranar Talatar da ta wuce, da ƙarfe 11 na safe, ma'aikacinka na ofishin Maradi ya ɗaga wayata bayan dogon jira. Na tambaye shi maganar kuɗinmu, ya ce: "Malam, tsuntsaye ba ma'aikatanmu ba ne, ba mu muka sallame su ba." Ya yi dariya ya kashe. Tun daga nan ba wanda ya ƙara ɗauka. Shi ya sa na kawo maganar bainar jama'a.

Mu malaman makaranta ne, galibi masu ritaya, muka yi adashi don mu ga Saint-Louis a arewacin Senegal, bakin teku. Kowa ya zuba jika 650. Abin da takardarku ta yi alkawari shi ne tafiya a watan Fabrairu, kwana a kan tsibirin tsohon gari, da shiga kwalekwale a gandun tsuntsaye na Djoudj, mai nisan kimanin kilomita 60 daga garin. Kuɗin kwalekwalen ma daban kuka karɓa, jika 15 kowane mutum.

Fabrairu ta zo kuka ce kujerun jirgi. Maris kuka ce azumi. Bayan nan ban ma riƙe dalilan ba. Sai ƙarshen Mayu muka bar Yamai.

Duk mai sayar da wannan tafiya ya san tsuntsayen Djoudj baƙi ne, masu gudun sanyin Turai, suna sauka wajen Nuwamba su koma wajen Afrilu. Saboda su UNESCO ta sa gandun cikin kayan gadon duniya a 1981. Direban da kuka haɗa mu da shi ne ya faɗa mana gaskiya a hanyar Dakar, yana ta girgiza kai. Djoudj ko ƙofarsa ba mu gani ba. Wani dattijo cikinmu, wanda ya shekara talatin yana zana wa yara kwasakwasa a allo, ya ɗauko tabarau mai hangen nesa da ya ara ya mayar cikin jaka bai ce uffan ba.

Masauki kuwa a Sor, unguwar da ke ƙetaren kogi daga tsibirin, kuka zuba mu, ɗaki ɗaya mutum huɗu. Tsibirin da Faransawa suka kafa gari a kansa a 1659, wanda ya taɓa zama hedikwatar mulkinsu a Afirka ta Yamma, da ƙafa muka riƙa zuwa, muna tsallaka gadar Faidherbe mai tsawon fiye da mita 500 da rana tsaka, har da Hajiyar da ke fama da gwiwa. Ɗan jagora ya zo rana guda ya ɓace. Unguwar masunta ta Guet Ndar wani yaro ne ya zagaya da mu, mu muka sallame shi daga aljihunmu.

Muna neman kuɗin kwalekwale cif, da bambancin masauki, da takardar ban haƙuri mai sa hannunka. Amma ranka ya daɗe, abin ya wuce kuɗi. Da nasara ne ya biya, da ba ku kai shi a Mayu ba. Kun ga mutanen Maradi, kun ce ƙauyawa ne, a nuna musu teku su yi murna. Mutum nawa kuka yi wa haka suka yi shiru don kunya?

Takardun biya suna hannunmu, saƙonnin WhatsApp ma ba mu goge ba. In wata ya ƙare ba amsa, sai mu haɗu gaban alƙali.

Naku,
Wakilin ayarin malamai, Maradi