Sanarwa: Tattaunawar Asabar a kan faɗuwar Kustantiniyya

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Ranar Asabar bayan sallar Isha'i, in Allah ya kai mu, za mu tattauna a kan yadda Sarki Muhammadu Fatih na Daular Usmaniyya ta Turkiyya ya ci birnin Kustantiniyya, wato Santambul ta yau, ranar 29 ga Mayu, 1453. Shekarunsa 21 kacal a lokacin, kuma kwana 53 ya yi yana kewaye da birnin.

Abin da nake so mu fi tsayawa a kai shi ne dabarar jiragen ruwa. Rumawa, masu riƙe da birnin a lokacin, sun ɗaure bakin mashigin ruwan birnin da ƙatuwar sarƙar ƙarfe don kada jirgi ya shiga. Sai Sarkin ya sa aka shimfiɗa gungumen itace a kan tudu, aka shafe su da kitse, aka jawo jirage wajen 70 ta ƙasa har aka zuba su a bayan sarƙar. Dole masu tsaro, da ma ba su da yawa, suka rarrabu. A ganina wannan ya karya musu gwiwa ƙwarai, ko da yake manyan igwogin da wani maƙeri mai suna Orban ya ƙera wa Sarkin su aka fi ambata.

Kada kuma mu manta da Sarkin Rumawa Kustantin na 11, wanda ya ƙi miƙa birnin, ya mutu a fagen fama.

Don Allah mai tambaya ya turo ta kafin Juma'a. Saƙon murya kada ya wuce minti biyu, saboda masu ƙarancin data.

Allah ya ba mu ikon halarta.