A riƙa tuna Mama Taraba tun kafin zaɓen fid da gwani

Malam Edita, assalamu alaikum.

Duk shekara idan 8 ga Maris, Ranar Mata ta Duniya, ta zagayo, kafafen yaɗa labarai kan gayyato mata 'yan siyasa a sha hira, washegari kuma a naɗe tabarma sai baɗi. Ni a ganina lokacin da ya kamata a ji muryarsu shi ne kakar zaɓen fid da gwani, don a nan ake yi musu yankan baya.

Dubi marigayiya Hajiya Aisha Jummai Alhassan, wadda Jalingo da kewaye suka fi sani da Mama Taraba. Lauya ce, ta riƙe kwamishinar shari'a ta jiharta, ta yi babbar magatakardar Babbar Kotun Abuja. A 2011 ta kayar da tsohon gwamna Jolly Nyame ta zama sanatar Taraba ta Arewa. A 2015 ta nemi gwamna a APC. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta ba ta nasara, kotun ɗaukaka ƙara da Kotun Ƙoli suka mayar wa Darius Ishaku kujerarsa. Wannan shari'a ce, ba na jayayya da ita. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne 2018: tana ministar harkokin mata, jam'iyyar da ta yi wa wahala a Taraba ta hana ta tsallake tantancewar masu neman takarar gwamna, bayan ta faɗi a fili cewa Atiku ne ubangidanta. Maza nawa suka yi abin da ya fi haka a ɓoye, aka ba su tikiti har da tafi?

Ranar zaɓe, layin mata ne ke fara cika, da goyo a baya da katin zaɓe a bakin zani. Su ke shiga gida-gida inda namiji ba ya shiga. Amma jerin daliget da tsakar dare ake tsara shi, a falon wani babba, sa'ar da matar aure in ta fito gari ya ɗauka. Sai a ce ai an ba mata fom kyauta. Fom ɗin ne ke sayen daliget? A ƙarshe a sallame ta da muƙamin shugabar mata, aikinta rabon atamfa da tara masu guɗa.

Har yau ba a taɓa zaɓen mace gwamna a Najeriya ba. Virginia Etiaba ta hau kujerar Anambra a 2006 ne saboda an tsige Peter Obi. A Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta yi fatali da ƙudurin ware wa mata kujeru. Alhali dokokin fyaɗe, kula da asibitocin haihuwa da makarantun 'ya'ya mata, majalisun jihohi ne ke da babban hannu a kansu.

Roƙona, Malam Edita, ku kira shugabannin jam'iyyu na jihohi tun yanzu, ku tambaye su mata nawa ne a jerin daliget ɗinsu, kuma wa ya rubuta jerin.

Taku mai bibiyarku kullum,
daga Jalingo